Yadda Muka Kai wa Inna Ɗakin Yaya Lawan

Asabar: Kibiya zuwa Rano

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba muka bar Kibiya, ni da Tanko ɗan Gwaggona, muna janye da ɗaki a bayan mota. Ɗaki fa na ce, ba suɓutar alƙalami ba ce. Mutanen da suka fito daga masallaci suka tsaya suna ɗaga mana hannu, wani dattijo ya ce, “Malam Habu, yau dai an ga dama?” Na yi kamar ban ji ba, don na san abin da yake nufi.

Ɗakin na wana ne, marigayi Yaya Lawan. Mai walda ne, kuma shi ke yi wa manyan motoci zane a jiki. Ya samu ƙafafun bayan wata matacciyar a-kori-kura, ya ɗora musu ƙarfe da katako, ya tayar da ɗaki mai ƙofa a baya da taga ɗaya a kowane gefe. Burinsa in damina ta faɗi a ja shi zuwa Rurum, ya kafa ɗakin a bakin gonar Inna mahaifiyarmu, ya yi noma ya kwana a nan. Gaban ɗakin ba taga, sai ya zana gidanmu na da a wurin, gidan Rurum Tsohon Gari da muka tashi a ciki, wanda ruwa ya rusa tun muna samari. Ga zaure da zankwayensa biyu, ga durumin ƙofar gida, ga rijiya, ga rumbuna uku. Bai zana mutum ko ɗaya ba. Lokacin Shari'a na tashe, malamai na ta wa'azi a kan hoton mai rai, shi kuwa Yaya ba ya son surutu.

Yaya ba shi da mota, ni ke da ita, wata tsohuwa da na saya da na samu ƙarin girma a makarantar firamaren da nake koyarwa. Da hannunsa ya liƙa mata ƙugiya a baya. Damina uku yana tambayata, “Habu, yaushe za ka ja ni?” Ni kuma ina cewa a bari a yi hutu. Hutu ya zo ya wuce sau nawa, ban ƙirga ba. Bayan ƙaramar Sallah ya kwanta kwana shida, Allah ya karɓi abinsa.

Inna ba ta iya zuwa Kibiya ba, ƙafafunta sun daɗe da ƙin ɗaukarta. Da na je mata gaisuwa, abu ɗaya ta roƙa. Ta ce, “Yayanku ya ce ya zana mini gidana. A kawo in gani.” Na ɗauko mai hoto ya ɗauka na kai mata. Ta jujjuya shi a hannu ta miƙo mini, ta ce wannan ai kan sarki ne, ita ba ta ga gida ba. Babu wani hoton gidan nan a duniya sai wanda ke jikin ƙarfen, kuma mai zanen ba zai sake wani ba. Shi ya sa na ɗauro wannan tafiya, kuma duk fargabata ɗaya ce: in kai zanen gaban Inna yadda Yaya ya bar shi.

Tanko abokin wasana ne, ya yi yaron mota shekara biyu a ƙuruciyarsa, tun daga nan ya naɗa kansa bakanike. Shi ya ce tayar mota na watsa tsakuwa baya, sai a rufe zanen. Ya kawo sabuwar zana, muka lulluɓe gaban ɗakin, muka ɗaure da igiya ta kusurwa huɗu. Na yaba masa har da cewa ashe kan nan ba na ɗaukar hula kaɗai ba ne.

Hanyar Kibiya zuwa Rano ba ta ba mu wahala ba, sai ramuka nan da can. Ban wuce giya ta biyu ba. Masu babur suna wuce mu suna waiwaye, har wani mai keke da buhun gawayi ya jera da mu yana tambaya ko asibitin tafi-da-gidanka ne.

Rano

Ƙarfe shida da rabi muka iso shingen shiga gari. Ban da 'yan sanda akwai masu binciken barasa, abin da aka saba gani a shekarun nan. Babbansu ya leƙo.

“Salamu alaikum. Malam, me aka lulluɓe haka?”

“Wa alaikumus salam. Zane ne, ranka ya daɗe.”

“Zane ake yi wa zana? A buɗe mu gani.”

Na buɗe musu ƙofar baya, suka ga gado biyu da buta da buzu. Tanko ya kwance igiya ya ɗaga zanar. Mutumin ya ja da baya ya riƙe haɓa, ya ce, “Kai! Wannan ai sai mutum ya yi sallama ya shiga. Wa ya yi?” Na ce marigayi wana ne. Duka suka ɗaga hannu suka yi masa addu'a, har da ɗan sandan. Ban sani ba a lokacin, ashe ganin ƙarshe ke nan da zan yi wa zanen yana cikakke.

A bakin tasha muka sha koko da ƙosai, naira sittin mu biyu, kuma Tanko ya ci kashi biyu cikin uku. Na sayi galan biyu na mai a wurin 'yan bumburutu. Ina cikin zubawa wani mai faci, dattijo mai gajeren gemu da ake kira Malam Audu, ya zagayo yana ƙwanƙwasa tayoyin ɗakin da ƙafa.

“Ina aka nufa da wannan?”

“Rurum.”

“To ku yi shiri. An fara aikin hanyar, an zuba tsakuwa ba a kai ga kwalta ba. Tifofi na ta kai da komo. Jiya gilashin mota biyu aka kawo a tsage.”

Ya yanko tsohuwar taya, ya yi wa tayoyin bayan motata labule da roba, kowanne ya kusa taɓa ƙasa, ya ɗaure da waya. Naira ɗari biyu ya karɓa. Ya kalli zanar ya ɗan karkata kai kamar zai yi magana, sai wata mota ta shigo da faci ya tafi. Na sha tunanin wannan karkata kai daga baya.

Hanyar Rurum

Ƙarfe takwas da kwata muka hau tsakuwa. Ba mu yi nisa ba ƙara ta fara, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana jifan kwano. Robar Malam Audu ta tare da yawa, amma masu tsalle ta gefe ba abin da ya hana su. In tifa ta taho sai in gangara gefe in tsaya cik, ta wuce ta yi mana ruwan duwatsu. Duk wanda ya sauka a bayanmu sai na ji shi a haƙorina. Tanko kuwa ya miƙe ƙafa yana cin gyaɗa.

“Kwantar da hankalinka, Malamin makaranta. Zanar nan ko kibiya ba ta huda ta.”

“Allah ya sa.”

“Ai ya riga ya sa. Ni da na yi Kano zuwa Jos ba adadi?”

Wajen tara da rabi na ce sai na duba. Na tsaya a gindin wata tsamiya, na kwance igiya ɗaya, na ɗaga zanar. Da na ga abin da ke ƙarƙashinta sai na zauna a kan ƙugiya.

Tsakuwa ba ta yi ɓarna sosai ba, 'yan ƙananan sun kutsa ta saƙar sun ɓantare fenti wuri biyar ko shida a ƙasa. Zanar ce ta cuce mu. Yashi ya shiga tsakaninta da ƙarfen, mota na girgiza ita kuma tana goga, awa guda cur, kamar an sa samfefa. Zankon hagu ya tafi gaba ɗaya. Kan durumin ya koɗe, sai farin ƙarfe ke ƙyalli a inda ganye yake. Garin neman gira mun taɓa ido, kuma da hannuna na ɗaure igiyar.

Ba zan ɓoye ba, na yi wa Tanko tatas. Na ce masa bakaniken baki, na ce shekara biyun da ya yi a bayan mota ban da “Tsaya akwai mai sauka” ba abin da ya koyo. Abokin wasa ne, kullum yana da amsa a aljihu, amma ran nan sai ya cire hula. Ya tsuguna yana kallon wurin zankon, sai na ga yana share ido da hular da ya cire. Nan na tuna Yaya ne ya koya masa hawan keke. Kunya ta kama ni.

Muka rasa na yi. In mun mayar da zana ta cinye sauran. In mun tafi a buɗe tsakuwa ta yi kaca-kaca da shi. Komawa Rano ma tsakuwar ce dai. Na cire babbar rigata na gwada, na ga ita ma in ta yi yashi gogar za ta yi. Rana ta take, bazara ce, iska ko ganye ba ta kaɗawa.

Rugar Dada

Wajen sha ɗaya wata tsohuwar Bafulatana ta ɓullo ta cikin gonaki da ƙwaryar nono a ka. Ta sauke a inuwar, muka gaisa, ta dama mana fura ta naira ashirin-ashirin. Kowa Dada yake ce mata, in ji ta, mu ma muka bi. Tana damu tana kallon zanen.

“Gidan wa?”

“Gidanmu ne na da, Dada. Wanda ya zana ya rasu, za mu kai wa tsohuwarmu ta gani.”

“Ayya. Allah ya ba shi aljanna. To me ya cinye kan bishiyar?”

Na ba ta labari. Ta dubi zanar da ke yashe a ƙasa, ta dubi Tanko, ta yi dariya har da tafa hannu.

“Kaɗo dai Kaɗo ne. Abin da ake son kada ya goge, a sa masa abin da ke motsi? Yaɓe shi za ku yi.”

“Da me?”

“Da kashin shanu mana. A kwaɓa da ƙasar shuri da ƙaiƙayi. Haka muke yi wa kwandon hatsi. In ya bushe ya kama jiki, ba ya motsi balle ya goga. Dutse in ya zo ya tsaya a cikinsa. In kun isa ku jiƙa da ruwa, ya sauka ya bar muku abinku.”

Raina ya ɓaci. Na ce aikin hannun ɗan'uwana na ƙarshe zan shafa wa ƙazanta? Ta ce, “Ɗana, nonon da kake sha yanzu daga ina ya fito? Saniyar ɗaya ce.” Tanko, wanda bakinsa ya fara dawowa, ya ce ai ko a littafi kashin dabbar da ake ci ba najasa ba ne, ni da nake malami ya kamata in fi shi sani. Na ce shi dai ya rufa mana baki, shawararsa ɗaya ta ishe mu yau. Amma na tashi na sake duba farin ƙarfen nan, na duba hanyar da ta rage, na ga ba ni da wata dabara da ta fi ta tsohuwa.

Rugarsu na bayan gonakin, tafiyar minti goma a kan burtali. Muka ja ɗakin a hankali har can. Dada ta miƙa wa Tanko tsohon daro ta nuna masa garke, ta ce ɗanye za a kwaso, na safiyar yau. Na ce wannan hukunci ya yi daidai da laifi. Ni na sari ƙasar shuri na daka. Ta kwaɓa da ƙafa kamar mai kwaɓa ƙasar gini, tana ƙara ruwa tana taɓawa da yatsa, har ta ce ya yi.

Da farko ta sa aka wanke zanen tas, da ruwa da tafin hannu kawai, don kada ƙwayar yashi ɗaya ta rage. Sannan ta ce ni zan fara shafawa. Na ɗebo cike da hannu na tsaya. Rijiya ce a gabana, Yaya har gugan ya zana, da igiyarsa a naɗe a bakin. Na yi bisimilla na rufe ta. Na rufe rumbunan, na rufe zauren. Ina yi ina jin kamar ƙasa nake sake turawa a kabarinsa, hawaye na zuba, ba halin sharewa saboda hannuna. Dada kuwa sai miƙo mini daro take yi.

Bayan shafin farko ta kawo buhun algarara, aka farke shi aka jiƙa, aka manna a kai, muka ɗaure bakinsa da waya a jikin ƙarfen gefe. Aka sake yaɓawa a kan buhun, kaurin yatsa biyu. La'asar ta yi kafin mu gama. Ta ce ba inda za mu sai gobe, in muka taɓa hanya da shi ɗanye zai zube.

Aka kawo mana tuwon dawa da man shanu bayan magariba. Na yi ƙoƙarin ba Dada wani abu ta ce in mayar aljihu, in dai gaishe mata da tsohuwa.

A cikin ɗakin muka kwana, karo na farko da na taɓa kwana a ciki. Sai a ranar na lura da abubuwan da Yaya ya yi. Gadon dama ya fi na hagu tsawo da kamu ɗaya, ni kuwa na fi shi tsawo. A saman gadon ya kafa ɗan katako daidai faɗin littafi, da ƙusa ta rataya tabarau. Yaya bai taɓa sa tabarau ba, ni ke sawa. Bai taɓa ce mini ya yi mini gado ba, cewa kawai yake in ja shi. Na kwanta a kai ya ɗauke ni cif, na juya na kalli ɗaya gadon, Tanko ne a kai yana minshari. Kewar wana ta taso mini irin wadda ban ji ba ko ranar da muka kai shi.

Lahadi: Rurum Tsohon Gari

Da gari ya waye yaɓen ya bushe ƙamas, in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar tukunya. Dada ta zagaya shi ta danna da babban yatsa, ta ce mu tafi, amma mu yi sauri. Ta nuna gabas da haɓa. Hadari ne ya fara haɗuwa, na farkon shekara. Ta ce in ruwa ya same mu a hanya, aikin jiya ya zama kunu.

Ƙarfe shida da minti ashirin muka koma kan tsakuwa. Yanzu ƙarar ta canja, ba ƙas ba, sai dib, dib, kamar ana jifan bango. Sauri ba dama saboda girgiza, jinkiri ba dama saboda hadari. Tanko ya leƙa da kansa ta taga yana ba ni rahoto.

“Yana nan?”

“Yana nan daram. Gefen dama ya ɗan tsage.”

“Babba?”

“Kamar tsagar ƙafar Gwaggonka. Taka dai.”

Tifa uku suka wuce mu. Ta ukun ta watso wani dutse da ya tsaga madubina na gefe, na ce wannan da sauƙi, madubi ana sayarwa a Rano. Mun wuce mararrabar Sabon Gari iska ta taso, aka fara yayyafi ɗis-ɗis a gilashi. Ba addu'ar da ban karanta ba. Manomi ɗan manomi, ran nan ni ne ke roƙon Allah ya riƙe ruwan fari na rabin awa. Allah ya ji tausayina, hadarin ya karkata kudu ya bar mu da ƙanshin ƙasa.

Ƙarfe takwas saura minti goma muka tsaya a ƙofar gidan Kawu Isa, ƙanin Inna, inda take zaune. Kafin in kashe mota unguwa ta cika. Kawu ya fito yana gyara hula, ya kalli gaban ɗakin, ya toshe hanci.

“Habu, abin da aka shekara uku ana ba mu labari ke nan? Taki ka kawo mana?”

“Kawu, a dai taimaka mana da ruwa. Kuma a fito da Inna.”

Ni da Tanko muka ɗauko ta a kan kujera, ba ta fi nauyin damin gero ba. Muka ajiye ta a gaban ɗakin. Mata suka kawo ruwa a tulu da bokiti. Muka yi ta kwarara wa yaɓen har ya jiƙu, na kwance wayar, muka ɓare buhun a hankali daga sama. Da ya faɗo ƙasa Tanko ya tona shi, ya tara tsakuwar da ta nutse a ciki, ta cika tafin hannunsa biyu. Ya ɗaga wa jama'a su gani, kamar shi ya kawo dabarar.

Saura shafin farko. Na hana kowa taɓawa. Tanko na zuba ruwa ina wankewa da tafin hannu. Zauren ya fara fitowa, sai ƙofar, sai gindin durumi. Wata tsohuwa a bayana ta ce, “La ilaha illallahu, gidan Malam Garba!” Sunan mahaifinmu ke nan. Rumbuna suka fito, rijiya ta fito da gugarta. Ko ƙwarzane ɗaya bai ƙaru a kan na jiya ba.

Na durƙusa kusa da kujerar na ce, “Inna, ga shi. Amma ki yafe mini, zanko ɗaya ya goge a hanya, da kan durumin. Laifina ne.”

Ta ce a matsar da ita. Muka matsar. Ta ce a ƙara. Sai da gwiwarta ta taɓa ƙarfen. Ta kai fuskarta dab da zanen tana bin sa, a nan na gane idon ya tafi fiye da yadda take bari mu sani. Ta ɗora tafin hannu a kai. Yaya mai cika fenti ne, duk inda burushinsa ya bi sai ya bar tudu. Ta bi bakin zauren da yatsa, ta gangara kan dakali, ta tsaya.

“Nan mahaifinku ke zama.”

“Nan ne, Inna.”

Ta ci gaba har rijiya. A gefen rijiyar, can ƙasa, akwai inda Yaya ya dafa fentin tun bai bushe ba, shatin babban yatsansa ya fito. Na sha ganinsa, ina ɗaukarsa aibin aiki. Yatsan Inna ya faɗa ciki ya tsaya.

“Wannan fa?”

“Yatsansa ne. Ya dafa kafin ya bushe.”

Ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba. Yaya ɗan farinta ne. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, daga “Yayanku” sai “wancan”. Ko a zaman makoki an ce ba wanda ya ga hawayenta, ita ke ba mutane haƙuri. Ran nan, a gaban ƙaninta da matan unguwa, ta jingina goshi da ƙarfen da ke ɗigar ruwa, ta ce a hankali, “Lawan. Lawan, ka iso?”

Kawu Isa ya juya baya. Matan suka ja mayafi suka rufe fuska. Ni dai ban san lokacin da na zauna a cikin caɓin ba.

Niyyata in ta gani in mayar da ɗakin Kibiya, har na roƙi Dada ta ajiye mini ragowar kwaɓin. Bayan azahar na shiga sallama, Inna ta ce, “A bar mini shi a nan inda hannuna zai kai.” Na ce to. Kawu ya sa aka rushe ɗan gefen danga, muka tura ɗakin har tsakar gida, muka juya gabansa yana kallon ƙofarta. Tanko ya kafa masa rumfa da zanar nan tasa saboda rana, ya bar tazarar kamu biyu tsakaninta da fentin, ya auna ya sake aunawa.

Komawa

Ƙarfe biyu da rabi muka kamo hanya. Mun tsaya a ruga na gaya wa Dada saƙo ya isa lafiya, na ba ta goron da Inna ta aiko mata. Wannan kam ta karɓa.

Muna kan tsakuwa Tanko ya dube ni ya ce, “Malamin makaranta, wai me kake lallaɓawa? Taka mota mana, ba abin da kake ja.” Na duba, ashe tun daga Rurum a giya ta biyu nake. Na ce masa injin ne ya yi zafi. Ya san ƙarya ce, ya ƙyale ni. Tsakuwa na ta tashi a bayanmu tana zuba a ƙasa, ni kuma ina ta kasa kunne.

Mun shiga Rano ƙarfe huɗu da minti goma, muka yi la'asar a masallacin tasha. Malam Audu ya tambaya ko a cire robar, na ce a bar ta. Biyar da kwata muna Kibiya.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ya kuma riƙe ruwansa har muka isa. Na gode wa Malam Audu mai faci, da Dada wadda ban ma san sunanta na yanka ba, da Kawu Isa da ya ba da dangarsa. Tanko ma na gode masa, duk da zankon da ya ci mana. Wanda ya fi cancanta in yi wa magana shi ne ba ya nan. Tafiyar da ya roƙe ni damina uku, da na tashi yinta kwana biyu kacal ta ɗauke ni, har da ratsewa ruga da jiran yaɓe. Na sauke Tanko a gidansu, na tsaya a ƙofar gidana na kashe mota, aka kira magariba ban iya fitowa ba.